Ƙananan Girgizar Ƙasa a Gaɓar Fetroliya

A gaɓar tekun arewacin Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wani ƙauye mai suna Fetroliya, can nesa da manyan hanyoyi. Da wuya mako ya wuce ƙasa ba ta motsa ba a wannan yanki. Galibi motsin ba ya wuce maki 3 a ma'aunin Rikta. Kwanuka su ɗan yi ƙara, shi ke nan.

To, me ya sa ake jin motsin duk da ƙanƙantarsa? Dalili shi ne tushensa ba shi da zurfi. A nan ne manyan faya-fayan dutse uku na ɓawon duniya suke gogayya, kuma kowace 'yar girgiza takan nuna wa masana inda tsagar dutsen take.

Ranar 25 ga Afrilu, 1992, aka yi babba mai maki 7.2, daga zurfin kimanin kilomita 10. Gaɓar teku ta ɗaga wajen mita 1. Ciyayin ruwa da ƙananan halittu masu ƙwanso da ke manne a duwatsu suka bushe a rana. Da faɗin layin da suka mutu ne masana suka auna tashin ƙasar.

Don haka ake rubuta lissafin ƙananan ba a raina su.