Ƙashin Da Ake Shukawa: Ina Aka Kwana?

Duk wanda ke zaune a Njamena ya san yadda hatsarin babur ɗin haya, wato kalando, ya zama ruwan dare. Idan tsautsayi ya faɗa wa ɗanmu, wurin mai ɗori muke fara nufa, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara. Sau da yawa kuwa a dace, domin ƙashi yana da baiwar haɗe kansa. To amma akwai karayar da ta fi ƙarfin kara: wadda ƙashin ya ragargaje, ko ya ruɓe har aka cire wani yanki, ya bar giɓi. Irin wannan ce kan kai mutum ga rasa ƙafa.

Hanyar da likitoci suka saba bi ita ce su yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci su cike giɓin. Sai dai abin da za a iya ɗiba kaɗan ne, ga kuma ciwo biyu maimakon ɗaya. Wannan ya sa masana suka shiga neman yadda za a shuka sabon ƙashi.

Tun wajen 1970 wani masani a birnin Mosko, Alexander Friedenstein, ya nuna cewa a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta na asali, masu iya rikiɗa su zama ƙashi. Akan zuƙo ɓargon da allura, a yi renon ƙwayoyin na 'yan makonni har su hayayyafa. Amma kamar yadda wake mai yaɗo ke neman karan dawa ya hau, haka su ma suke bukatar madogara. Akan yi ta da sinadari irin wanda ke cikin ƙashinmu, mai huji-huji kamar soso. Ƙwayoyin su zauna cikin hujojin, sannan a dasa a giɓin.

An kuwa gwada a jikin ɗan Adam. A 2001 likitocin Italiya suka ba da labarin mutum 3 masu giɓin santimita 4 zuwa 7 a hannu ko ƙafa, waɗanda suka samu sauƙi ta wannan hanya. A 2004 kuma, a birnin Kiel na Jamus, an cika ragar ƙarfen titaniyam da ɓargon wani dattijo da ciwon daji ya raba da muƙamuƙinsa, aka binne ta cikin naman bayansa har mako 7, sannan aka mayar masa a fuska. Ya koma tauna abinci bayan shekara 9.

To me ya hana abin yaɗuwa? Babbar matsalar ita ce jini. Ƙwayar da ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita takan mutu, don haka tsakiyar babbar madogara kan lalace kafin jijiyoyi su iso. Ga tsada, ga bukatar ɗakin bincike mai tsabta da wutar da ba ta yankewa. Har yanzu aikin bai zama na yau da kullum ba, ko a Turai.

Saboda haka, jama'a, mu yi hattara da masu tallan garin magani ko ƙwaya da sunan ƙwayoyin asali. Babu abin sha da ke cike giɓin ƙashi. Abin da ke hannunmu shi ne gaggawa. Idan ƙashi ya huda fata, ko yatsu suka yi sanyi ko baƙi bayan ɗauri, a kwance a garzaya Babban Asibitin Ƙasa nan take. 'Yan uwanmu na Kano suna da asibitin ƙashi na Dala tun 1959, mu ma muna fatan yaranmu da ke ajin kimiyya yau su zama likitocin ƙashi gobe. Allah Ya kare mu daga tsautsayi, amin.