Ko Kun Sani? Niyyar Mutum-mutumi Ma Abar Dubawa Ce

Shafa iri ɗaya daga hannun mutum-mutumi tana iya kwanta wa mutum a rai ko ta sa ya tsargu, gwargwadon niyyar da ya ɗauka an yi ta da ita. A binciken da jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fitar a 2011, wani mutum-mutumi mai suna Cody ya riƙa shafa hannun mutane. Waɗanda suka ɗauka goge musu fata yake yi sun fi sakin jiki da shi a kan waɗanda suka ɗauka lallashinsu yake, alhali motsin bai canza ba. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da fata ta ji da manufar mai taɓawa kafin ta yanke hukunci.