Yadda Ake Gane Cikin Dutse

Idan aka buga guduma a kan dutse, girgiza takan ratsa cikinsa. A dutse mai tauri takan ci kilomita 5 zuwa 6 a daƙiƙa ɗaya. Amma gudunta ba ɗaya ba ne ta kowace fuska.

Me ya kawo haka? Dutse yana da ƙananan tsagogi da ido ba ya gani. Girgizar da ta bi tsawon tsaga tana sauri. Wadda ta gitta tsaga kuwa tana jinkiri.

A shekarar 1969 wasu masana biyu a Amurka, Amos Nur da Gene Simmons, sun gwada wannan. Sun matse guntun dutse da inji, kamar yadda nauyin ƙasa ke danne shi. Suka aika girgiza ta fuskoki dabam-dabam, suka auna lokaci. Matsin ya rufe tsagogin da ke gicciye. Sai girgiza ta fi sauri ta fuskar da aka matsa.

Ina amfanin wannan? A ƙasar dutse, cikin tsagogi ruwa ke taruwa. Irin wannan awo yana taimakon masu neman ruwa da man fetur su gane inda tsaga ta dosa kafin haƙa. Burtsatsen da ya kuskure tsaga, asarar kuɗin jama'a ne.