Kaluluwa, Saifa da Ɓargo a Hausar Arewa

A Dogon Dutsi da Tibiri, idan gyambon ƙafa ya kumbura matsematsi, akan ce kaluluwa ta fito. Alhali kuwa kaluluwa halitta ce da ke nan kullum, wajen 600 a jiki, inda fararen ƙwayoyin jini masu suna limfosit suke tare cuta.

Daga ɓargo tushensu yake. Jinsin B can yake ƙosawa, ya ƙera makaman kariya. Jinsin T yakan ƙaura zuwa timus, bayan ƙashin ƙirji, wadda Jacques Miller ya gano aikinta a 1961. Saifa, wato saihwa a bakin Arawa, ita ke tace jini.

Cikin gaɓoɓin nan huɗu, timus kaɗai ke bukatar aron suna. Kaluluwar da ta ƙi sacewa kuwa, likita za a nuna wa.