Ladubban Ƙara wa Furosesa Sauri ga Mai Koyo

Daga cikin mas'alolin da samari ma'abota kwamfutar tebur suke yawan kai-kawo a kansu, musamman masu haɗa fina-finai da masu zane da masu wasannin zamani, akwai mas'alar tilasta wa furosesa, wato ɗan guntun da ke ɗauke da dukkan lissafin na'urar, ta yi gudu fiye da haddin da maƙeranta suka yanka mata, abin da masu sana'ar ke kira obakulokin. Babu sihiri a cikin al'amarin, kuma mai kaya yana da ikon sarrafa kayansa. Sai dai aikin yana da sharuɗɗa da ladubba waɗanda, idan mai koyo ya kiyaye su, zai sami ƙarin sauri bai sayi sabuwar furosesa ba, idan kuwa ya yi watsi da su, to, ya sayi nadama da kuɗinsa.

Asalin maganar shi ne, ana auna saurin furosesa da adadin bugun da take yi cikin daƙiƙa guda, har ya zama idan an ce gigahaz 1, ana nufin bugu biliyan ɗaya. Wannan adadi kuwa sakamakon lissafi ne mai sauƙi: a kan madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta suke kafe a kansa, akwai agogon tushe, wanda a kwamfutocin yau yake buga megahaz 100, akwai kuma wata lamba da ake ninka shi da ita. Idan lambar 36 ce, furosesa tana gudun gigahaz 3.6, idan aka mai da ita 40, sai ta koma gigahaz 4. Hannun mai koyo ya tsaya a kan lambar ninkin nan kaɗai, kada ya taɓa agogon tushe, domin ram da waɗansu sassa suna rataye da shi, wanda ya girgiza shi kuwa ya girgiza su duka.

Mai karatu zai iya tambaya: in dai furosesa tana da ikon wuce haddinta, me ya hana maƙeranta su sake ta tun farko? Hikimar ita ce, ana yanko furosesa masu yawa daga faifan silikon guda, amma ba sa fitowa daidai wa daida a nagarta, saboda haka kamfani yakan zaɓi saurin da ya tabbata kowace za ta ɗauka, ko a ɗaki mai zafi, ko da fanka mai arha, har tsawon shekaru. Ratar da ke tsakanin abin da aka yi alkawari da abin da guntun zai iya, ita ake farauta. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A mai megahaz 300, jama'a suka gano tana kaiwa 450 ba gardama; a 2011 kuma Core i5-2500K, wadda aka sayar a kan gigahaz 3.3, ta shahara da zama lafiya a wajen 4.5 a hannun mutane da yawa. Amma fa wannan rata rabo ce, ta wani ta fi ta wani ko da sunansu ɗaya, don haka kuskure ne babba mutum ya kwafi lambobin abokinsa ya zuba wa tasa.

Sharaɗi na farko shi ne furosesar ta kasance buɗaɗɗiya. A wajen Intel, waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin K su ne aka bar wa ƙofa, kuma sai an haɗa su da madabod mai harafin Z; a wajen AMD kuwa, galibin Ryzen na tebur, tun fitowarsu a 2017, a buɗe suke, muddin madabod ɗin na jerin B ne ko X. Kwamfutocin ofis 'yan Beljiyom da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex, akasarinsu a kulle suke, kuma kwamfutar cinya ba ta da sararin fitar da zafi, sai a ƙyale su. Sharaɗi na biyu, a sami na'urar sanyaya mai girma, ta iska ko ta ruwa, a shafa sabon man ɗauke zafi tsakaninta da furosesa. Na uku, akwatin da ke raba wuta ya zama nagari mai rarar ƙarfi. Na huɗu, mutum ya kwashe muhimman takardunsa ya adana a wani wuri, ya kuma sani cewa kamfanonin biyu sun bayyana cewa garantinsu ba ya ɗaukar ɓarnar da wannan aiki ya haifar.

A nan muka iso zuciyar mas'alar, wato zafi da bolteji. Furosesa tamkar doki ce: in kana son ƙarin sukuwa sai ka ƙara hatsi, amma wanda ya wuce kima zai wayi gari da kumburarriyar dabba. Duk sa'ad da aka ƙara sauri, akan kai wani matsayi da guntun ba zai iya riƙe lissafinsa daidai ba sai an ƙara masa bolteji. Ƙa'idar da masana suka tabbatar kuwa ita ce, wutar da yake ci tana hawa daidai da sauri, amma game da bolteji tana hawa ne daidai da adadinsa an ninka shi da kansa. Misali, idan aka ƙara bolteji da kashi 10 cikin 100, cin wuta zai ƙaru da kashi 21. Idan aka haɗa da ƙarin sauri na kashi 10, sai ya doshi kashi 33, kuma dukkan wannan wuta zafi take komawa. Furosesa ta zamani tana kare kanta, takan rage gudu ko ta kashe kanta idan ta kusanci digiri 95 zuwa 100. Abin tsoro na haƙiƙa shi ne bolteji mai yawa, wanda yake cin siraran hanyoyin da ke cikin guntun sannu a hankali, ba a gani ba a ji, har ranar da saurin da ta saba ɗauka zai gagare ta. Shaida kuwa ba ta da nisa: a 2024 Intel ta amsa cewa yawan bolteji ne ya sa waɗansu furosesa na zubi na 13 da na 14 suka riƙa tangarɗa, har ta ƙara wa garantinsu shekara biyu.

Tartibin aikin shi ne a fara da sanin halin na'urar kafin a taɓa komai. A sauke manhajar HWiNFO don ganin zafi da bolteji, a gudanar da manhajar gwaji ta Cinebench a rubuta makin da aka samu a takarda. Sa'an nan a sake kunna kwamfuta, a danna Delete ko F2 a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a ƙara lambar ninki da ɗaya tak, a adana, a koma a jarraba furosesar da manhajar Prime95 ko OCCT kamar rabin sa'a, ido yana kan zafi. In ta tsaya daram, a ƙara ɗaya. In ta daskare ko allo ya yi shuɗi, to, ko dai a koma baya taki guda, ko a ƙara bolteji kaɗan, kamar bolt 0.01 zuwa 0.02. Kada a bar bolteji a hannun madabod ya zaɓa da kansa, don yakan zuba fiye da bukata. Nasihar da ƙwararru suka fi yi wa mai koyo ita ce kada zafi ya haura digiri 85 a lokacin jarrabawa, kada kuma bolteji ya wuce bolt 1.35, alhali waɗansu zubin haddinsu bai ma kai haka ba, wajibi ne mutum ya binciki na tasa. Idan an kai matsayin da ake so, a bar jarrabawar ta yi sa'o'i. In kuwa kwamfuta ta ƙi tashi sam, kada hankali ya tashi: a zare ta daga wuta, a cire ɗan batirin CR2032 na madabod na 'yan mintoci, a mayar, saitin BIOS zai koma yadda ya fito daga kamfani. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yankinmu. Fanka ba ta sanyaya furosesa ƙasa da iskar ɗakin da take ciki, saboda haka saurin da ya zauna lafiya a sanyin hunturu yana iya rushewa a bazara, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yake haura digiri 40. Mai hankali ya yi jarrabawarsa da tsakar rana a watan Afrilu, ko ya bar rata mai yawa. Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran na'urar sanyaya, sai a riƙa hure ta a kai a kai. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, da ta janareta mai hawa da sauka, suna wajabta sitabilaiza da UPS.

Daga ƙarshe, gaskiya ta wajaba: tun da Intel ta shigo da Turbo Boost a 2008, AMD ma ta bi da irin nata, furosesa ta koyi ƙara wa kanta gudu gwargwadon sanyin da ta samu, har ya zama ribar da ta rage wa mai yi da hannu a kan sabon guntu 'yar kaɗan ce. Wanda tsohuwar furosesarsa buɗaɗɗiya ce, yana da sanyi da tsayayyiyar wuta da haƙurin hawa taki-taki, ya gwada, zai ƙaru da ilmi da sauri gaba ɗaya. Wanda kuwa kwamfutarsa ita ce hanyar abincinsa, kuma ba shi da halin sayen wata, ya bar ta a kan haddinta, ya sa kuɗinsa a ƙarin ram da faifan SSD, domin amfaninsu ya fi bayyana, haɗarinsu kuma ya fi ƙanƙanta.