Gwajin Gini a Kwamfuta Tun Kafin a Aza Tubali

Ginin cikin kwamfuta gini ne da ake zanawa da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, har mutum ya shiga ta zaure, ya ratsa tsakar gida, ya ɗaga kai ya dubi rufi, alhali ko harsashi ba a haƙa ba. Sai dai zane kamanni kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin ko katanga za ta iya da nauyin da aka ɗora mata. Don haka ake haɗa shi da kwaikwayon dokokin fiziks, wato a koya wa kwamfuta ƙa'idojin nauyi da motsi da iska da gudun ruwa, ta lissafa abin da zai sami ginin.

Manhajar takan rarraba ginin gunduwa-gunduwa, kowane yanki da nauyinsa da ƙarfinsa da yadda ya riƙe na kusa da shi. Daga nan ta sakar masa ƙarfin da ke janyo komai ƙasa, ta riƙa maimaita lissafi sau da yawa a kowace daƙiƙa. Inda nauyi ya fi ƙarfin abin da ke tallafe da shi, sai a ga wurin ya lanƙwashe ko ya rufta a kan allo.

A da, sai wanda ya iya rubuta harshen kwamfuta ke wannan aiki. Yanzu ana tsara umarnin da akwatuna da layukan da ke sada su: wannan akwati na faɗin ɗaki, wancan na kaurin katanga, na gaba na lissafin nauyi. Da an ƙara faɗin ɗaki, duk abin da ya rataya a kansa zai sauya nan take. Grasshopper, wadda David Rutten ya fitar a 2007 don manhajar Rhino, ta yi fice wurin masu zanen gini, kuma Daniel Piker ya ƙirƙira mata Kangaroo mai kwaikwayon fiziks. Manhajar Unreal Engine ma na da irin wannan tsari mai suna Blueprint. Manhajar Blender kuwa kyauta ce ga kowa.

Tushen dabarar ya girmi kwamfuta. A 1675 Robert Hooke na Ingila ya nuna cewa siffar da sarƙa ke yi idan an rataye ta, in aka kifa ta, ita ce siffar baka mafi dacewa da ɗaukar nauyin kansa. Bakan gizo na maginan Hausa yana da tasa hikimar: ana jera azarar giginya hawa-hawa daga katangu biyu, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya. Da haka ake rufe babban ɗaki, ko da yake azara guda ba ta ƙetare fiye da kimanin mita 2 cikin aminci. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, shi ne fitaccen misali.

A garuruwan Jigawa irin su Birnin Kudu da Gwaram, inda soron ƙasa ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da ginin bulo, damina ce babbar jarrabawar gini. Idan indararo ya toshe, ruwa mai zurfin santimita 5 ya kwanta a kan soro mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, lita 800 ke nan, nauyin buhun siminti 16, ban da ruwan da ƙasar rufin ta sha. A kwamfuta ana iya toshe indararon da gangan, a ga azarar da za ta fara gazawa, a gwada ƙara gangaren rufi ko kaurin katanga, ba tare da asarar rai ko dukiya ba.

Fasahar tana da amfani wurin adana tarihi ma. Duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, suna ɗauke da tsofaffin zanen shanu, kuma Bernard Fagg ya yi rubutu kan duwatsu masu amon kiɗa na yankin a shekarun 1950. Idan aka ɗauki ɗaruruwan hotuna daga kowace kusurwa, manhaja za ta haɗa su ta fitar da siffar wurin. Ɗalibi zai iya shiga daga ajinsa, masani kuma ya bi hanyar da ruwan sama ke kwarara don ya gane zanen da ke cikin haɗari.

Kwamfuta dai da abin da aka ba ta take lissafi. Ba ta san ƙasar wane kududdufi ce mai danƙo ba, ko azarar da gara ta ci. Wannan ilimi yana hannun magina, kuma sai an auna shi an rubuta kafin ya shiga manhaja. Sakamakon gwaji kuma ba ya maye gurbin injiniya mai rajista. Ya kamata makarantun fasaha na Jigawa su zaunar da ɗalibansu tare da tsofaffin magina, a auna soraye, a gwada su a kwamfuta, tun masu sanin suna raye.