Idan Gaɓa Ta Cinye, Me Tiyata Za Ta Iya Yi?

A Birnin Zariya, daga Kwarbai har zuwa Ƙofar Doka, wanda ya samu karaya yakan fara tunawa da mai ɗori. Ƙashi dai jini na ratsa shi, saboda haka in an daidaita shi yakan haɗe. Guringuntsi kuwa, wato farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe da bakin ƙashi a gwiwa da kwatangwalo, ba shi da jijiyoyin jini. In ya cinye ba ya sake tofowa, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. A nan ɗori ba shi da abin yi.

Ba tsofaffi kaɗai abin ke kamawa ba. Amosanin jini, wato sikila, kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai wurin ya mutu ya lotse. Shi ya sa akan ga ɗan shekara 20 yana dogara sanda.

Idan an zo asibiti da wuri, likita na iya huda ƙashin don rage matsi. A gwiwa kuma akan yanka ƙashi a karkata shi, nauyi ya koma ɓangaren da ke da sauran lafiya. Amma in gaɓar ta riga ta lalace, sai a cire ta a sa ta ƙarfe da roba mai tauri, dabarar da John Charnley ya kyautata a Ingila a 1962. Irin waɗannan majinyata akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

To, sai dai ita ma gaɓar ƙarfe tana da wa'adi. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa wajen 58 cikin 100 na kwatangwalon da aka musanya ne ke kai shekara 25. Ga dattijo wannan ya wadatar. Matashi mai sikila kuwa, da wuya ya tsira daga tiyata ta biyu, wadda ta fi ta farko wahala da tsada.

Akwai kuma batun zaman ƙasa. An ƙera gaɓoɓin nan ne a ƙasashen da ake zama bisa kujera, alhali a gidajen birni kan tabarma ake cin abinci, ga tsuguno, ga zaman tahiya. Tsananin lanƙwasa na iya sa sabon kwatangwalo ya goce, musamman a watannin farko, don haka likitoci kan umarci majinyaci ya yi salla a kan kujera har sai naman wurin ya yi ƙwari.